FAƊI-KA-MUTU: DAGA BAKIN TULU ZUWA BAKIN MUTUM

Sa'ad da kwanonin tangaran suka fara shigowa kasuwannin ƙasar Hausa, Bahaushe ya ɗauki abin ya jujjuya, ya ga farinsa da santsinsa, ya ƙyasta shi da farce ya ji yana amo tamkar ƙararrawa. Duk da haka, da ya tashi raɗa ma shi laƙabi, sai ya hango ranar da zai suɓuce daga hannun yarinya wajen wanke-wanke, ya ce da shi faɗi-ka-mutu. Laƙabin ya zauna daram, domin da wuya a sami gidan da bai taɓa share ɓaraguzansa ba. Amma wanda ya taɓa bi ta kan kufai, inda wani gari ya tashi tun kaka da kakanni, ya san akwai sauran magana. Katangun laka sun narke sun koma tudu, gara ta cinye azara, tufa da fata da ƙwarya babu labarinsu, ƙarfe ma tsatsa ta gama da shi. Abin da ƙafa ke tuntuɓe da shi shi ne tsingaro, ga shi nan birjik, wani ma har da zanen da mai ginin ta yi ma shi da murɗaɗɗiyar igiya, raɗau kamar jiya aka yi. Ƙasar da wuta ta gasa tana da hali biyu ke nan: ba ta ruɓa, ba ta kuma lanƙwasa. Tun daga randar da ke gindin itace a tsakar gida har zuwa farin haƙorin da likita ke sa ma mutum a baki, ƙoƙarin ɗan Adam ɗaya ne, ya ci moriyar halin farko ba tare da na biyu ya kunyata shi ba.

Yumɓu, in an dube shi da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani, ɓarɓashi ne ƙanana masu faɗi-faɗi, kamar ɓawon jikin kifi. Ruwa in ya shiga tsakaninsu sai su riƙa zamewa bisa juna, shi ya sa ɗanyen yumɓu ke bin hannu duk inda aka nufa da shi. In ya bushe a rana yakan yi tauri, amma taurin aro ne. Mai gidan ƙasa ya san haka, tun da ba ya barin damina ta faɗi bai hau soro ya yi yaɓe ba. Wuta ce ke yanke hukunci. In zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, ruwan da ke ɗaure cikin jikin ɓarɓashin kansu yakan fita, fita kuwa ta har abada. Daga wannan lokaci, ko tukunyar ta shekara dubu cikin tabki ba za ta koma laka ba.

Maginiya ba ta san digiri ba, ba ta kuwa bukatar saninsa. A Mirriya, gabas da Damagaram, da Bubon a bakin kogin Isa, da ƙauyuka da yawa waɗanda sunansu bai taɓa shiga jarida ba, masu ginin tukwane suna riƙe da sani wanda ya fi abin da mai saye ke zato. Sun san ramin da yumɓunsa ke da danƙo da wanda nasa ke da yashi, sun san yadda ake gauraya su. Sun san yumɓu zalla maci amana ne: yana raguwa in yana bushewa, in kuwa wani gefe ya riga wani gefe raguwa sai tsaga ta fito. Don haka ake daka tsohon tsingaro a zuba a ciki, wasu su ƙara ƙaiƙayi ko kashin jaki, a tattake da ƙafa har ya haɗu. Ana shanya tukunya a inuwa kafin a ba rana ita, ba a gaggawa, domin wadda ta shiga wuta da sauran danshi a cikinta tururi ne zai fasa ta, ta kuma fasa maƙwabtanta. Ranar gashi, bayan an jera tukwane an lulluɓe su da kara da itace da busasshen kashin shanu an cinna wuta, maginiya takan tsaya gefe tana sauraro. Duk ƙarar da ta tashi daga cikin tulin nan ta san abin da ake nufi: wahalar kwana da kwanaki ce ta tafi. Iska in ta juya ba zato, sai wani gefe ya gasu wani ya fito ɗanye, babu kuwa wanda za ta kai ƙara wurinsa.

Irin wannan wuta ta fili ba ta cika wuce digiri 900 ba, tukunyar kuma takan fito da ƙananan ƙofofi a jikinta. Baƙon da bai sani ba yakan ɗauka kasawa ce. Alhali ƙofofin nan su ne dukan amfanin randa: ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na kwashe shi, yana tafiya da zafi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi ko da a tsakiyar bazara. Su ne kuma, tare da tsingaron da aka daka a ciki, ke sa tukunyar ƙasa ta hau murhu ta sauka shekara da shekaru, inda kofin tangaran mai tsada zai dare tun hawan farko. A kan wannan hali ne wani malamin makaranta a Jigawa ta Nijeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da gauta su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta duniya saboda haka.

Tun da tsingaro ba ya ruɓa, shi ne ya zama shaidan mutanen da ba su bar rubutu ba. A kogon Xianrendong na ƙasar Sin an tono gutsattsarin tukwane masu shekara wajen dubu 20. A Unjugu, ƙasar Dogon ta Mali, an sami masu shekara fiye da dubu 11. A Tagalagal kuwa, cikin duwatsun Ayar na ƙasar Nijar, masanin Faransa Jean-Pierre Roset ya tono tukwane masu shekara kusan dubu 10, waɗanda ke cikin mafi daɗewa a Afirka duka. Masu su ba manoma ba ne ma tukuna. Mafarauta ne da masu tsintar ƙwayar ciyawa, a zamanin da Sahara ke da tabkuna da kifi. Ke nan ba wani baƙo ne ya kawo ma ƙasar nan ginin tukunya ba.

Sai dai shaida yana da amfani ne in an bar shi inda ya ga abin da ya faru. A 1975 aka yi kiciɓis da wata tsohuwar makabarta a Bura, cikin yankin Tera. A 1983 Bube Gado na cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai ya jagoranci tono wurin, aka sami ɗaruruwan dogayen tuluna a kife bisa kaburbura, wasu da siffar kan mutum a samansu, wasu da mahayi bisa dokinsa, aikin mutanen da suka rayu tsakanin ƙarni na 3 da wajen na 13. Da aka nuna su a wani baje kolin kayan tarihi da aka buɗe a Paris a 1993, duniya ta yaba, dillalai kuma suka ji ƙanshin kuɗi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, talauci ya ƙaru, mutanen ƙauye suka shiga haƙa da fartanya da diga. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta zo bayan an yi ɓarna mai yawa, a shekarar 2000 kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗarin sata. Ba a ga laifin mai yunwa kamar na mai saye ba. Amma tulun da aka fizge daga raminsa, ba a san abin da ke ƙarƙashinsa ko gefensa ba, ya zama kurman shaida, ko da an ajiye shi cikin gilashi a falon wani attajiri a Turai.

Tangaran ɗan'uwan tukunya ne wanda ya sha wuta fiye da ita. Ana haɗa shi da farin yumɓu da ake kira kawolin, da wani dutse mai suna feldisfat, da garin ƙanƙarar dutse, a gasa a rufaffen tanderu har zafi ya kai digiri 1300 ko fiye. A wannan zafi feldisfat yakan narke ya zama gilashi, ya toshe dukan ƙofofin, abin ya fito fari, ruwa ba ya ratsa shi, haske kuma yana ɗan ratsa shi in an ɗaga shi sama. Mutanen Sin ne suka gano haka, suka riƙe asirin ƙarni da yawa. Kalmar kawolin ma daga sunan wani tudu take, Gaoling, kusa da birnin Jingdezhen. Sarakunan Turai sun zuba dukiya wajen saye, suka kuma rasa yadda ake yi. Ogustus, mai mulkin Saksoni a ƙasar Jamus, ya tsare wani saurayi mai suna Böttger wanda ya yi cika bakin yana iya mayar da baƙin ƙarfe zinariya, irin masu cewa suna ninka kuɗi ke nan na wancan zamani. Zinariya dai ba ta samu ba, amma a 1708, yana aiki tare da masani Tschirnhaus, sai ga farin tangaran ya fito daga tanderunsu, a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen. Faransa ta jira har 1768 kafin a gano kawolin a Saint-Yrieix, kusa da Limoges.

Shekara shida bayan haka tangaran ya shiga baki. A lokacin, mai kuɗin da haƙoransa suka zube ana sassaƙa ma shi wasu ne da hauren giwa ko na dorina, wani lokaci a kafa haƙoran mutane a ciki, na matalautan da suka sayar da nasu ko na matattu. Haure kuwa yana shan yawu da miya, ya yi baƙi, ya yi wari. Wani mai haɗa magunguna a Saint-Germain-en-Laye, kusa da Paris, Alexis Duchâteau, ya gaji da ɗoyin bakinsa, ya kuma lura cewa turmin tangaran da yake daka magani a ciki kullum ba ya riƙe launi ko wari. A 1774 ya sa aka gasa ma shi jerin haƙora na tangaran. Nan take ya ci karo da abin da kowace maginiya ta sani, wato yumɓu yana raguwa a wuta. Randa in ta ragu da faɗin yatsa biyu babu mai kula, amma abin da zai zauna bisa dasashi, ko kaurin zare ya ragu sai mai shi ya kasa tauna. Wani likitan haƙori, Nicolas Dubois de Chémant, shi ya gyara haɗin ya kuma ci ribar abin. Da juyin juya halin Faransa ya yi zafi ya ƙaura Ingila, inda masana'antar Wedgwood ta riƙa ba shi yumɓun aiki. A 1808 wani Ba'italiye mazaunin Paris, Fonzi, ya daina gasa jerin duka a dunƙule, ya koma yin haƙori ɗaya-ɗaya da ƴar ƙusar filatin a bayansa. A 1889 Charles Land na birnin Detroit a Amurka ya yi rajistar dabarar hular tangaran, wadda ake kifa ma haƙorin da ya lalace bayan an rage shi.

An rabu da wari, saura fashewa. Baki kuwa ba wurin wasa ba ne: turamen namiji mai lafiya, in ya cije da ƙarfi, suna iya danna nauyin da ya kai buhun siminti ko fiye, ga zafin shayi ga sanyin ƙanƙara, ga danshi dare da rana. A 1921 wani injiniyan Ingila, Griffith, ya bayyana dalilin da ya sa gilashi da danginsa ke fashewa tun ƙarfinsu na ainihi bai ƙare ba. Babu wanda ba shi da ƙananan tsage a jikinsa, waɗanda ido ba ya gani, duk nauyin da aka ɗora kuma a bakin tsagar yake taruwa. Mai sayar da yadi a kasuwa yana nuna haka kullum: in ya ja yadin da hannu biyu ba zai yage ba, amma in ya ɗan tsaga gefensa da almakashi sai ya kece shi har ƙarshe da ja ɗaya. Ƙarfe in ya ji nauyi sai ƙwayoyinsa su gusa ma juna, ya lotsa, bakin tsagar ya dushe. Ƙwayoyin tangaran a kulle suke, babu mai gusawa, don haka tsagar ke wucewa ta raba shi biyu. Dannawa ba ta cika cutarsa ba, domin tana rufe tsagar ne. Ja da lanƙwasa su ne ajalinsa. Danshi kuma yana taimakon tsagar ta riƙa tafiya a hankali, yau da gobe, shi ya sa haƙorin da ya tsira daga ƙashin rago ranar Layya yake iya darewa wata uku bayan haka a kan lomar tuwo.

Abin da masana suka yi ta yi tun daga lokacin shi ne neman abin da zai tare ma tsaga hanya, maganar dakakken tsingaron maginiya ke nan a wata siffa. A 1962 aka yi rajistar dabarar gasa tangaran bisa ƴar hular ƙarfe, bayan an sami haɗin da ke buɗewa da tsukewa daidai da ƙarfen in sun ji zafi ko sanyi. Matan da suka yi jeren langa da fanteka a ɗakin aure sun san irin wannan aiki, gilashi ne bisa ƙarfe, sun kuma san aibinsa: in ya ɓantare sai baƙin ƙarfen ya leƙo. Haka wannan haƙori yake, in dasashi ya ja baya sai a ga baƙin layi a gindinsa. A 1965 McLean da Hughes a Ingila suka cika tangaran da garin alumina mai tauri, har kusan rabinsa, don tsaga ta riƙa cin karo tana kewayawa. A 1975 kuma masana uku a Ostireliya, Garvie da Hannink da Pascoe, suka bayyana wani hali na zirkoniya, wadda ake samu daga wani yashi mai nauyi da ake haƙa a Ostireliya da Afirka ta Kudu, da gaɓar tekun Senegal tun 2014. In tsaga ta taso cikinta, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sukan sake siffa su kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, su matse ta su hana ta gaba. Ƙarfinta wajen jure lanƙwasa ya ninka na tsohon tangaran ɗin haƙori kamar sau goma. Tun 1985, a birnin Zurich, aka fara sa na'ura mai kwamfuta ta sassaƙa abin cike haƙori daga dunƙulen tangaran, yau kuwa da irin wannan na'ura ake yanka zirkoniya kafin a gasa ta, a yanka ta da ɗan girma domin ita ma sai ta ragu a wuta.

Duk wannan wahala kwaikwayo ce ta abin da Allah ya ba kowa kyauta. Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori shi ne mafi tauri a jikin mutum, kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, dangin dutse. Shi kaɗai da ya fashe kamar kofi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, in tsaga ta ratso daga sama sai ta tsaya a inda suka haɗu. A Gobero, cikin Tenere, inda aka gano wata makabarta a shekarar 2000 mai kaburbura wajen 200, waɗansu sun haura shekara dubu 9, an tarar da haƙoran mamatan lafiya lau a muƙamuƙansu, ga tsingaron tukwanensu a warwatse cikin rairayi. Abu ɗaya ne haƙori bai iya ba: ɓawon nan in ya tafi ba ya tsirowa.

Wannan ne ya sa ake jin takaicin ganin an goge lafiyayyen haƙori don a kifa ma shi haƙorin Makka. Zinariya ta gaskiya ba abin rainawa ba ce a baki. Tana da taushi, tana lotsawa maimakon ta fashe, ba ta kuma cinye haƙorin da ke karo da ita, abin da tangaran mai kaushi ke yi in ba a goge shi sosai ba. Amma ita ana sa ta ne don a gani, a san an sauke farali, shi kuwa na tangaran iyakar nasararsa kada kowa ya gane yana nan. A nan ma goro yakan tona asiri, domin haƙoran ainihi suna rinewa shi ba ya rinewa, sai a wayi gari ɗaya fari fat a tsakiyar jajaye. Wanda aka sa ma shi ya kamata ya tuna laƙabin da Bahaushe ya bayar tun farko, ya bar fasa ƙwallon goruba da busasshiyar aya da buɗe kwalba da baki. Maganar ma ta ƴan kaɗan ce. Likitocin haƙori ba su da yawa, galibinsu kuma a Yamai suke da manyan biranen jahohi. Talakan ƙauye in haƙori ya hana shi barci, abin da ya fi samu shi ne a cire, ya zauna da giɓinsa.

Wanda ya sami halin biyan jikkuna masu yawa don a sa ma shi gasasshiyar ƙasa a baki, sau da yawa shi ne zai tsaya a kasuwa yana ja-in-ja da maginiya a kan dala ashirin, ko ya wuce ta ya sayi bidon roba wanda ruwansa ke zafi kamar na wanka tun hantsi. Ƴaƴanta suna ganin haka, da yawansu ba su son gadon sana'ar. Wanda ya tsaya ya saya kuwa har yanzu yana yin gwajin da aka gada: ya ɗaga tulun ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, in amon ya fito garau ya biya, in ya fito a dushe ya san akwai tsagar da ido bai gani ba, ya ajiye ya ɗauki wani. Ranar da tulun ya fashe a gida ba a zubar da shi duka. Babban kaskon a zuba ma kaji ruwa, madaidaicin a ɗebo wuta da shi daga maƙwabta, ƙananan kuma in maginiya na kusa ta kwashe ta daka ta zuba cikin sabon yumɓu. Haƙorin tangaran da ya dare, likita yanke shi yake ya jefar, a sake awo, a sake biya.